Ni Ma Ban Gani Ba

Ranar da aka kawo sababbin kwamfutoci shagonmu na buga takardu, kowa baki har kunne, ban da Kawu. Shi ke tsara mana katunan gayyata da kalanda, a hannunsa ma na koyi aikin. Sabon allon tar yake, amma tsohuwar manhajar da Kawu ya saba da ita ba ta jitu da shi ba. Rubutunta ya tsuke ya koma kamar ƙwan kwarkwata.

Mu matasa muka ɗan jawo kujera muka ci gaba da aiki. Kawu kuwa sai kai hanci yake jikin allo, yana goge tabarau da bakin riga. Ya je danna "ajiye" ya danna "goge", aikin wuni guda ya bi ruwa. Wani ɗan rainin wayo a cikinmu ya ce, "Kawu, ido fa ya yi ritaya." Aka kwashe da dariya. Wallahi ji na yi kamar in kwaɗa masa mari.

Kafin a tashi Kawu ya sami uwar ɗakinmu, mai shagon, ya ce, "Hajiya, ki nemi wani. Idona ya gama, ba zan zauna ina ɓata miki aiki ba."

Hajiya ta miƙe. Ta zo ta zauna a kujerarsa, ta ƙanƙance ido, ta matsa, ta ja baya.

"Kai! Wannan rubutu ne ko tururuwa? Ni ma ban gani ba. A kira min mai gyara yanzu!"

Mai dariyar nan ya mayar da kai kan aikinsa.

Mai gyara ya zo ya ce ɗigogin sabon allon sun fi na da yawa, a matse suke, ita kuma manhajar da awon tsohon allo take zana rubutunta. Ya ƙara girman komai. Sai rubutun ya kumbura ya yi dishi-dishi, maɓallin ajiyewa ya nutse ƙasan allo ya ɓace. Ya ce sai dai a yi haƙuri haka.

"Haƙuri a gidan wa?" in ji ta. "Ba inda za ka."

Haka ta tsaya a kansa, hannu a ƙugu, yana gumi yana laluba, har ya gano inda ake saita wa manhajar girmanta ita kaɗai. Rubutu ya fito raɗau. Kawu ya zauna ya karanta layi guda a bayyane, ya ce, "Ashe ba ni ba ne."

Da mai gyara zai tafi, ya nemi lambar da ke manne a bayan allon, wadda ta fi rubutun ɗazu ƙanƙanta. Daga tsaye uwar ɗakinmu ta karanto masa ita tiryan-tiryan, ko sunkuyawa ba ta yi ba. Na saki baki ina kallonta. Ta waiga ta ga Kawu ya duƙufa a kan aikinsa, sannan ta harare ni.

"Me kake kallo? Koma bakin aikinka."