Ranar da Illa Ya Kare Jiragen Turawa

A fadar 'yan shayi ta ƙofar gidan Hamman, a Magariya, in hira ta kai ga sojojin waje, bakin Illa ake kallo. Shi ne ya yi aikin gini a Libiya, shi ne yaƙi ya koro gida da riga ɗaya a wuyansa. Noma bai karɓe shi ba, kasuwa ma haka, amma wannan magana tasa ce. Saboda ita ake miƙa masa kofin shayin farko.

Sai ga Abdulwahabu ya dawo daga Agadas, inda ya yi wa sojojin Amurka wanki har suka tattara suka tafi. Ya zo da jar moto, wato babur, da agogo mai nauyi, kumatu sun ciko. Tun ranar nan samari suka koma gefensa na tabarma.

Wata la'asar, ana fifita gawayi, Hudaifa mai dafa shayi ya ce, "Abdulwahabu, kai da ka zauna da su, zuwansu alheri ne ko kuskure?"

Illa ya gyara murya, amma ba wanda ya waiwayo.

"Kuskure ne," in ji Abdulwahabu. "Baƙon da ya zo kashe maka gobara da fetur? Ku dubi Libiya. Da suka rusa ta, ina makaman suka kwararo? Ba kanmu ba?"

"Wallahi gaskiya ne!" Fada ta ɗauka.

 Maganar Illa ce, har misalin fetur ɗin nasa ne. Ya daɗe yana faɗar ta da yagaggen takalmi, ba a taɓa yi masa irin wannan shewa ba. Ga shi kuma Hudaifa ya tsallake shi da kofin farko.

"Mai wankin Nasara," ya ce, "a cikin kumfar sabulu ka karanto Libiya?"

Aka yi dariya, dariyar ta yi masa daɗi.

"To ɗan Libiya, ƙarya na yi?"

"Ƙarya ka yi! Ni ina can. Da jiragen Turawan nan ba su zo ba, da an yanka mutane kamar kaji. Daidai suka yi!"

Abdulwahabu ya ce, "Kai Illa? Ba kai ne kullum..."

"Ni ɗin! Kowane gyara da ɓarnarsa. Wanda ya mutu, kwanansa ne ya ƙare. Ni da za a sake, sai in ce su ƙara!"

Fifitar Hudaifa ta tsaya.

Hamman, mai gidan, yana jingine da bango yana ɓarar gyaɗa. Ƙaninsa Najib tare da Illa suka gudo daga yaƙin, ƙishirwa ta kashe shi a sahara. Illa ne ya binne shi da hannunsa, shi ne kuma ya kawo labari.

"Su ƙara, ka ce?"

"Yaya Hamman, ai gardama ce kawai..."

"Na ji. Da ka zo mini da rasuwar Najib kana kuka, ba haka ka ce ba." Ya kakkaɓe ɓawon gyaɗa daga rigarsa. "Gari da faɗi, Illa. Ka nemi wata ƙofar."

Illa ya duba ko wani zai ba da haƙuri. Kowa ya sunkuyar da kai. Abdulwahabu ne kaɗai ya miƙe.

"Zo in sauke ka gida."

"Da ƙafata na ƙetare sahara," in ji Illa. Ya sa takalminsa, ya bi hanyar tasha.