Layin da Bai Rubuta Ba

Ƙanwar mijina ce ta kawo maganar: wai surukata ta cire hoton ɗana daga shafin intanet na shagon ɗinkinta, tun ƙasar kabarinsa ba ta bushe ba.

"Yaya, da idona na gani. Ita kaɗai ce a sama, inda yake sai farin fili."

Na koyar da lissafi har furfura ta cika min kai, ban taɓa ba ɗalibi maki don ya rantse ba. Na buɗe shafin a wayata. Ga shi nan kusa da matarsa, wuyan rigarsa a karkace kamar kullum. Muka buɗe a tsohuwar kwamfutar ƙanwar mijina. Babu shi.

"Kin gani ko? Ta san wanda take nuna wa."

"Ke da rediyo ma sai an kunna miki, yaushe kika zama injiniya?"

Amma zance ya riga ya zaga dangi. An daina amsa gaisuwar yarinyar. Ranar da na ga ta sauko da akwatinta daga kan sif, na ɗauki sandata na tafi inda ɗana ya yi aiki, wurin masu haɗa shafukan intanet. Shi ya haɗa wa matarsa nata.

An ba wani teburinsa. Kofin shayinsa ya zama wurin ajiye biro. Abokiyar aikinsa ta jawo min kujera, ta buɗe rubutun da ke bayan shafin.

"Mama, kin ga can sama? Akwai layin da ya kamata ya fara zuwa, doktaif muke ce masa. Shi ke gaya wa burauza, manhajar da ke buɗe shafi, ƙa'idar da za ta bi ta karanta sauran. In babu shi, kowacce sai ta yi nata zaton. Wata ta nuna hoton, wata ta ɓoye shi."

"Ɗana bai san haka ba?"

"Ya fi ni sani. Taurin kai ne. Kowa da layin yake farawa, shi sai a ƙarshe. Wai sa hannunsa ne, ba ya sa wa aikin da bai ƙare ba. Mun sha faɗa a kan wannan." Ta yi 'yar dariya, sannan ta juya fuskarta wajen taga. "Ya ɗora shafin haka don matarsa ta gani. Ya ce sauran sai ya dawo daga asibiti."

Ta rubuta layin, bai kai tsawon yatsana ba. Ta buɗe shafin a kowace kwamfuta da ke ɗakin, duk ga shi nan da karkataccen wuyan rigarsa.

Da na koma gida, na tarar da surukata tana ninke kayan yara cikin akwati, ƙanwar mijina na tsaye a bakin ƙofa.

"'Yata, mayar da akwatin nan," na ce. "Ba wanda ya cire shi. Bai gama aikin ba ne ya rasu."