Rumbun Yaya

Babbar manhajar da muke haɗawa ba ta kamfani ba ce, ta jama'a ce, kowa ya ga dama ya sa hannu. Ban da rumbunmu na hukuma, akwai rumbunan da mutane ke buɗewa na ƙashin kansu, su zuba ƙananan manhajoji. Ni ina kwamitin da ke tantance su. Dokarmu ɗaya ce: sai wani ya harhaɗa manhajarka a tasa kwamfutar ta tashi, kafin rumbunka ya zauna a jerinmu.

Yayana yana da irin wannan rumbu, na manhajar da ke tayar da tsofaffin firintoci. Masu shagon buga takardu ba su da kamarsa, shi ma da shi yake taƙama. Sai tantancewar ta faɗo kaina.

Na gwada manhajar a teburin falo, na sake gwadawa, ta ƙi. Ashe akwai wani fayil da take buƙata da ke zaune a tsohuwar kwamfutarsa kaɗai, mai tsagaggen gilashin nan da ake tokarewa da littafi. Na ce ya fitar da shi kowa ya gani. Ya ce ai wurinsa tana aiki. To Yaya, duniya za ta yi layi a ƙofar ɗakinka? Gaskiyar ita ce kunya yake ji, ya rubuta fayil ɗin tun yana koyo, duk a hargitse.

Umma ta shigo maganar, wai shi ya koya mini kunna kwamfuta, yau ni ce mai hana shi. Wallahi abin ya sosa mini rai. Amma ranar da kwamfutar nan ta mutu, masu shaguna ne za su yi ta kiran waya babu mai gyara. Na ƙi sa hannu, aka cire rumbun daga jeri.

Yaya ya daina amsa gaisuwata, sai dai ya ɗaga gira. Ni kuwa ban fasa gaishe shi ba.

Wata safiya na tarar ya fitar da fayil ɗin, da hargitsinsa da komai, ya nemi a sake tantancewa. Shugaban kwamiti ya ce a ba wani, kada gida ya sake ɗaukar zafi. Yaya ya ƙi.

Ya leƙo falo, ya dangwara mini kwamfutata a gaba, bai ko dube ni ba.

"Ke nake so, Auta. In wadda ta iya ƙina ta sa hannu, kowa zai yarda."