Tsinken Baba Hinnerk

A garin Goslar kowa ya san bakin Eckhard Brüning, shugaban kwamitin kare tsofaffin gidaje. Shi ya kai ƙarar maƙwabciyarsa Waltraud, tsohuwa mai ciwon gwiwa, don ta sa tagogin roba a gidanta. Aka tilasta mata cirewa, ta ci sanyin bara da bargo biyu.

Gwano dai ba ya jin warin jikinsa. Shekara shida da suka wuce Eckhard ya gaji da shafa wa ginshiƙan katakon gidansa mai irin na kakanni, mai cin wata guda bai bushe ba. Sai ya sayo fentin roba mai launi iri ɗaya, ya shafe su tas, bai gaya wa kowa ba.

Ranar da ake buɗe tsofaffin gidaje ga jama'a, ya tsaya a ƙofa cikin kwat, yana nuna wa mutane babban ginshiƙin da aka sassaƙa sunan mai ginin a kai, shekara ɗari huɗu ke nan. Sai ga Baba Hinnerk kafinta, wanda ba ya wuce tsohon katako bai soka masa tsinken ƙarfensa ba.

"Baba, bar shi mana," in ji Eckhard.

"Kai yaro, gaisawa kawai za mu yi."

Tsinken ya shige har ƙota. Da ya zaro, baƙin garin katako mai danshi ya zubo a kan takalmin Eckhard. Tsohon ya ɓare fentin da farce, ya ja shi, ya miƙe kamar cingam.

"An toshe masa hanci. Ruwa ya shiga, ya rasa hanyar fita. Wane sakarai ya yi maka wannan aiki?"

Mutum talatin suka zuba ido. Eckhard ya nemi ƙaryar da zai yi, ya rasa. Kunya ta rufe shi.

"Ni ne," ya ce.

Waltraud ta matso da sandarta. Ya sunkuyar da kai yana jiran zagi, ya ma fi son zagin. Ita kuwa sunan da ke jikin katakon take shafawa, rabinsa na marmashewa a hannunta.

"Maƙwabci, ni tagogina an cire, an mayar da na katako," ta ce a hankali. "Wannan fa, wa zai mayar?"