Durgun Gidan Malam Kailani

Godiya ta tabbata ga Allah, wanda ya halicci dabbobi da tsuntsaye iri-iri, ya ba kowane kamanninsa, kuma bai yi ko ɗaya a banza ba. Tsira da aminci su ƙara tabbata ga Manzonsa.

A shekarar da jirgin ƙasa ya fara ratsa Zariya da matafiya, Tudun Wada ba ta wuce 'yan gidajen zana da ɗakunan ciyawa ba, a wajen ganuwa, inda baƙi daga sauran ƙasashen Hausa suke samun wurin zama. Daga cikinsu akwai Malam Kailani, mutumin ƙasar Kano, wanda sana'arsa ita ce rubuta littattafan addini da hannu. Matarsa, Inna Atika, dattijuwa ce mai kiwon kaji, amma ba kowace kaza take kiwo ba. Nata durgu ne, wato masu gajerun ƙafafu, waɗanda cikinsu yake kusan shafar ƙasa idan suna tafiya, gashinsu baƙi da fari a gauraye. Ba sa tsallake danga, ba sa shiga shukar maƙwabci, kuma uwarsu takan rufe ƙwai goma sha biyu ba ta bar ko ɗaya a waje ba. Daga hannun kakarta Atika ta gaji irin, ta yi shekara talatin tana tsaronsa. Takan kafa tukunya a bakin suri ta tara wa 'yan tsaki gara, takan rina su da baba don kada shirwa ta gane su, kuma ba ta taɓa barin baƙon zakara ya kwana a gidanta ba.

Da bazarar wannan shekara annoba ta shigo unguwar. Kaza takan wayi gari tana gyangyaɗi, kafin la'asar ta mutu. Atika ta jiƙa ɓawon maɗaci, ta daka barkono ta zuba musu a ruwa, amma abin da Allah ya ƙaddara sai da ya auku. Cikin kaji arba'in, biyu suka rage: zakara ɗaya, da sagara ɗaya wadda ba ta kai ga fara ƙwai ba. Duk fatan Atika ya koma kan waɗannan biyu, domin idan aka rasa ɗaya irin ya yanke ke nan.

Ana cikin haka, wata ranar Alhamis bayan sallar azahar, sai ga Malam Nagoda ya yi sallama a zaure. Shi ne malamin da Kailani ya yi karatu a gabansa tun yana saurayi, kuma rabonsu da juna shekara goma sha ɗaya. Tsohon ya biyo jirgi daga Kano, wai yana so ya ga jirgin da idonsa kafin ya koma ga Allah. Kailani ya rasa inda zai sa kansa don murna. Ya shimfiɗa buzu, ya kawo ruwa da fura, sannan ya fita ya zaga unguwa. Da ya dawo sai ya shige cikin gida, ya tsaya a bakin madafi yana gyara hula.

Atika ta ce, "Na ji muryarsa, Malam. Ba sai ka faɗa mini ko wane ne ba."

Ya ce, "Na leƙa gidan Sabo, na leƙa gidan Ɗantsoho, ko gashin kaza babu. Abin da annoba ta bari, masu dafa wa Turawa abinci sun kwashe."

"Mahauta fa?"

"Mutumin da ya koya mini riƙon alƙalami ya sauka a gidana, in sa masa naman kasuwa kamar mai wucewa? Ba a zubar masa da jini a gidan nan ba?" Ya sassauta murya. "Amma dukiyarki ce, shari'a ba ta ba ni ikon taɓa ta ba sai da yardarki. Idan kin ce a'a, ba zan riƙe ki a zuci ba."

Atika ta daɗe tana kallon zakaran yana tono a gindin rumbu. Ta san girman haƙƙin baƙo, ta kuma san wannan baƙo ya fi uba a wurin mijinta. Ta ce, "Kai ba za ka riƙe ni ba, ni ce zan riƙe kaina." Ta miƙe ta kama shi, abin da ba shi da wuya, domin durgu ba ya gudu da nisa. Ta ba shi ruwa ya sha, ta shafa bayansa, ta miƙa wa mijinta ba tare da ta ɗago kai ba.

Al'adar mutanen ita ce a nuna wa baƙo abin yankansa da rai, kuma idan malami ne babba, shi ake roƙo ya sa wuƙa don neman albarka. Kailani ya durƙusa a gaban malaminsa, ya ce, "Allah ya gafarta Malam, ga ɗan abin miya. Muna so a sa mana hannu."

Malam Nagoda ya karɓa, ya juya zakaran, ya duba ƙasansa. Ya ce, "Kailani, ina sauran ƙafafun? Ko ka riga ka yanke ka sa a tukunya?"

"Haka Allah ya yi shi, Malam."

Tsohon ya ajiye shi a ƙasa. Zakaran ya girgiza, ya taka zauren yana rangaji, ƙirji a gaba, sai ka ce attajirin da ya ƙoshi. Malam Nagoda ya yi dariya har rawaninsa ya karkace. Ya ce, "Tsarki ya tabbata ga Mahalicci. Rabona da ganin durgu mai wannan gashi tun ina yaro a Bebeji. Na ɗauka irin ya ƙare. Nawa kuke da su?"

Kailani ya ji nauyin amsa, domin faɗin cewa shi ke nan ya rage zai zama kamar gori a kan kyauta. Ya ce, "Alhamdu lillahi, Malam."

"Ban tambaye ka ko kana gode wa Allah ba, na san kana yi. Nawa?"

"Na iyali ne, ita ta san lissafinsu."

"To, a kira mini mai shi."

Atika ta zo ta durƙusa a bayan zanan da ya raba zaure da cikin gida. Ta gaishe shi, ta yi masa barka da hanya, ya tambayi lafiyarta da ta 'ya'ya. Sannan ya ce, "'Yata, da yardarki aka kawo mini zakaran nan?"

"Da yardata, Baba."

"Da son ranki?"

Ta ce, "Yarda dai na yarda. Son rai kuwa, ba zan yi wa Baba ƙarya ba." Daga nan ta ba shi labarin kakarta, da annobar, da sagarar da ta rage.

Ya ce, "Allah ya mayar da alheri. Amma ai sai ki karɓo wani zakaran a gidajen da kika ba iri."

"Ban taɓa ba kowa da rai ba, Baba. Duk mai so, a dafe nake aika masa."

Tsohon ya sake fashewa da dariya. "Shekara talatin?"

"Tsoro nake ji su sake su a titi, su gauraya da kowane zakara, irin ya lalace."

Malam Nagoda ya juya ga almajirinsa. "Kailani, littafin nan na gado da na ba ka aro kafin ka bar Kano, guda nawa ka rubuta?"

"Shida, Allah ya gafarta Malam."

"Duk suna ɗakinka?"

"A'a. Ɗaya yana Katsina, biyu suna cikin birni, sauran na rarraba. Idan gara ta ci wani, ko gobara ta tashi, akwai wani a wani wuri."

"To, kai kana da wannan ilimi, kullum kana barinsa a zaure, ba ka taɓa shiga da shi cikin gida ba?"

Kailani ya sunkuyar da kai yana murmushi. Daga bayan zana aka ji Atika ta ce, "Ko ya shigo da shi, Baba, da ban saurara ba. Sai yanzu."

Tsohon ya gyara zama, ya ɗauki muryar da yake ba da fatawa da ita. Ya ce, "Zakaran nan ya zama nawa?"

Suka ce, "Naka ne."

"Na karɓa, Allah ya saka muku da alheri. Haƙƙin baƙo ya sauka daga wuyanku. Ni kuwa ba ni da niyyar yanka zakarana. 'Yata, na ba ki kiwonsa."

Kailani ya ce, "Malam, kaza ake bayarwa kiwo. Zakara ai ba ya ƙwai."

"Ita ma kazar, ka taɓa ganin ta ƙyanƙyashe ita kaɗai? Yadda aka saba, mai dabba yana da rabin abin da aka samu. Rabona kada a kai mini Kano. A raba shi gidaje, zakara da kaza, kuma gidajen su yi nisa da juna."

Atika ta ce, "Na karɓi amana, Baba, amma da sharaɗi. Ni zan zaɓi gidajen, kuma sai na ga akurkinsu da idona."

"Wannan babi kin fi ni saninsa."

Da yamma aka kawo tuwon dawa da miyar kuka, daddawa ta ji, man shanu yana yawo a kai. Malam Nagoda ya ci har ya nemi ƙari. Ya ce haƙora huɗu suka rage masa, da an yanka zakaran ma, da zakaran ne ya yi nasara. Kwana uku ya yi a gidan, kullum da asuba carar zakaransa take tashinsa, yakan ce dukiyarsa tana gaishe shi.

Da ruwa ya sauka, sagarar ta fara ƙwai. Ta kwanta a kan goma sha ɗaya, Allah ya raya tara. Atika ta jira har suka yi wayo, aka bambance zakaru da kaji, sannan ta fitar da rabon Malam Nagoda. Biyu ta kai wa Rakiya, mai kaɗi a Tudun Jukun, bayan ta sa an ɗaga mata akurki daga ƙasa. Biyu kuma ta kai wa Zinariya a Gyallesu, wadda ta yi alkawarin fitar da jan zakaranta daga gida.

Bayan kwana biyu Kailani ya fito daga ɗakin rubutu, tawada a yatsunsa, ya iske Atika ta yafa mayafi, ta rungumo wasu biyu.

Ya ce, "Ina kuma za a da waɗannan?"

"Gidan Kato kafinta, can wajen tasha. Matarsa Edith ta daɗe tana roƙona, na kuwa ga yadda take share wa agwaginta wuri."

"Ai kin gama fitar da rabon Malam."

Atika ta gyara riƙon 'yan kajin, ta nufi ƙofa. Ta ce, "Na sani. Waɗannan daga nawa ne."