Jan Zare a Wuyan Tukunya

Abin ya fara ne shekara bakwai da suka wuce, a makon da aka damƙa wa Malama kula da ɗakin gilashi na lambun binciken tsirrai. A ƙuryar ɗakin akwai tukwane arba'in na wani furen orkid da ma'aikata ke kira Takalmi, saboda leɓensa na ƙasa a kumbure yake kamar gaban takalmin jariri. Dukansu jinsi ɗaya ne. Amma biyar daga ciki an ɗaura musu jan zare a wuya, an kuma ware su can cikin inuwa.

Tsohon mai lambu, wanda kowa ke ce wa Baba, shi ya ɗaura zaren. Bai yi boko ba. Shekara talatin dai ya yi yana ba tukwanen nan ruwa.

"Waɗannan ba irin waɗancan ba ne, Malama," in ji shi. "Uwarsu ɗaya, amma hali ya bambanta. Sai 'yan'uwansu sun yi fure da mako uku sannan nasu ke fitowa."

Malama ta ɗauko littafi da ma'auni. Ta auna ganye, ta ƙirga ɗigon da ke jikin fure, ta kwatanta da zane. Duk abin da littafin ya ce a duba ta duba, ba ta ga bambanci ba, sai ta ɗora jinkirin a kan inuwa. Da almakashinta ta yanke zaren, ta sa aka jera tukwanen a layi guda inda haske ya fi. Da lokacin sauya ƙasa ya zo, aka haɗa su bibbiyu a manyan tukwane don rage cunkoso. Baba bai yi musu ba. Bayan shekara biyu ya ajiye aiki.

A bana ne wasiƙa ta zo daga masu nazarin wannan jinsi, suna tambaya ko lambun yana da wani nau'i da ya kusa ƙarewa a daji: mai jinkirin fure, mai wani irin gashi a bayan ganye kusa da gindi. Sau uku Malama ta karanta. Ba ta taɓa juya ganyen ba, domin littafinta bai ce a juya ba. Ta je ta yi ta juyawa har bayanta ya ƙage, amma kowane ganye da ɗan gashinsa, ba ta san wanda ake nufi ba.

Ta sami Baba a zaune a tsakar gidansa, yanar ido ta rufe masa idanu biyu.

"Muryar wa nake ji kamar ta Mai Littafi?"

"Ni ce, Baba. Da kunya na zo."

"To, ajiye ta a bakin ƙofa ki shigo."

Washegari da safe 'yarsa ta riƙo hannunsa har cikin ɗakin gilashi. Ya bi tukwanen ɗaya bayan ɗaya, yana zura yatsa ƙarƙashin ganye, yana girgiza kai. Malama tana biye da shi, tana addu'a a zuci, ba ta ma san yadda za ta tsara roƙon ba. Sai a tukunya ta goma sha takwas ya tsaya.

"Ga ɗaya nan. Kai, ka rame."

Wani ɗan tsiro ne mai ganye uku, maƙwabcinsa na gama-gari ya matse shi a jikin tukunya. Baba ya laluba hannun Malama, ya ɗora yatsarta a bayan ganyen.

"Na sauran a kwance gashin yake. Wannan a tsaye, yana ɗan kama fata kamar harshen kyanwa. Kin ji?"

Ta ji, a take. Abin da ya fi yi mata ciwo ke nan: ashe sauƙinsa bai wuce haka ba.

Ya ƙarasa tukwane biyun da suka rage, bai ƙara samun ko ɗaya ba.

"Sauran huɗun fa?" ta tambaya, ko da yake ta san amsar.

"Ba sa son rana, 'yata. Ba don ado na kai su inuwa ba."

"Me ya sa ba ka matsa mini ba a lokacin?"

"Na faɗa sau ɗaya. Ke da littafi, ni da yatsa. Wa zai saurari yatsa?" Ya yi 'yar dariya. "Kada ki raba shi da maƙwabcin yanzu, saiwarsa ba za ta jure ba. Bari sai ya yi fure."

Malama ta ciro jan zaren da ta taho da shi a jaka, ta ɗaura da kanta, ta ɗauki tukunyar ta mayar ƙurya.

Bayan sun tafi, ta zauna a teburinta da wasiƙar a gabanta. In ta rubuta cewa lambun yana da tsiro ɗaya, gaskiya ta faɗa, za a kuma yaba mata. Babu wanda zai tambayi sauran. Ta daɗe tana kallon almakashin da ke rataye a bango.

Ta yanke shawarar rubuta cewa biyar ne, cewa ita ta kashe huɗu, kuma Baba ne ya gane nau'in.