Kakan Ango Mai Suna Uku

Daren jiya wani mafarki na yi, har yanzu da nake ba da labarinsa tafin ƙafata bai daina sanyi ba.

Bari in fara da abin da na kwanta da shi a rai. Zuwaira, 'yar marigayi yayana, tana aikin jinya a Amurka, can kuma Allah ya haɗa ta da miji. Bature ne, sunansa Halvor, ya musulunta tun kafin su san juna. Ni ne waliyyinta. Baba Sabo, ƙanen mahaifinmu, wanda shi kaɗai ya rage mana a manya, ya ce ba a ɗaura aure a gidanmu sai an binciki asalin mutum, ko da daga sama ya faɗo. Yarinya ta aiko da takardu cike da ambulan: hoton shafukan littafin coci na wani ƙauye a ƙasar Norway inda kakannin yaron suka fito, da jerin sunayen fasinjojin jirgin ruwan da ya kai su Amurka, da takardar ƙidaya. A nan gizo ya yi saƙa. Kakan kakan yaron, a wannan takarda Gunder Olsen, a waccan Gunder Haugen, a ta ukun Gunder Myren, ranar haihuwa kuma ɗaya. Baba Sabo ya ajiye tabarau ya ce, “Mutum ɗaya suna uku? Ko ɓarawo ne, ko ya yi kisa ya gudu.” Ya ba ni zuwa safiyar Asabar, idan dangi sun taru ban kawo bayani ba, magana ta mutu. Zuwaira ta kira ni tana kuka tana ƙoƙarin yi mini bayani, layi yana tsinkewa. Da wannan na kwanta ranar Juma'a.

Sai na gan ni a bayan wani ɗan acaɓa. Na ce masa Norway, ya ce in riƙe hulata. Muka bi ta bayan kasuwar awaki, muka sha kwana biyu, ya taka birki ya ce an iso.

Ƙasa ce ta duwatsu tsaye, teku ya kutsa tsakaninsu. Ana ruwan sama, amma daga ƙasa yake fitowa yana tafiya sama. Mutane sun ɗaure lema a ƙafa suna tafiya abinsu. Kafin in yi taku goma wandona ya jiƙe sharkaf, hulata kuwa a bushe take. Rana tana nan rataye a wuri ɗaya, ba ta gaba ba ta baya. Na tare wani mutum na tambaye shi ko ƙarfe nawa.

Ya ce, “Asabar ce.”

“Wace Asabar?”

“Taka.”

Na ƙara matse ambulan a hammata na bi hanyar da ya nuna mini da haɓa.

Ofishin adana takardu dogon gini ne, babu takarda ko ɗaya a ciki. Awaki ne zaune a bayan tebura, kowacce tana tuƙa. Aka tura ni wurin wata farar akuya mai tabarau, da ka gan ta ka ga wadda ta daɗe a aikin gwamnati. Na yi sallama, ta amsa ba ta ɗago ba.

Na ce, “Hajiya, ina takardun?”

Ta ce, “Mun cinye. Haka ake adanawa a nan. Gara ba ta cin abin da ke cikin akuya. Wa kake nema?”

Na faɗa mata. Ta lumshe ido, na ga wani ƙullutu ya taso daga cikinta ya hau wuya. Ta tauna shi a hankali.

“Gunder ɗan Ole,” in ji ta. “Shi ne Olsen ɗin. An haife shi ranar Talata, na biyu a maza. Uwarsa ta yi kuka.”

“Kukan me?”

“Ba a rubuta ba.”

“To sauran sunayen biyu fa? Su ne suka hana ni barci.”

“Waɗannan sunayen gonaki ne. Mu ba ma cin gona sai an shuka. Ka je Haugen.” Ta miƙo wuya ta yagi gefen ambulan ɗina, ta ce shi ne hatimi.

Ban san yadda na fita ba, sai ga ni a ƙofar wata gona a kan tudu. Wata tsohuwa tana tsaye riƙe da guga. A jikin ƙyauren an kafa ƙusoshi da yawa, a kan kowace an rataye wani abu mai kama da tsumma.

Ta ce, “Cire.”

Na sunkuya zan cire takalmi.

“Ba takalmi ba. Suna.”

Na ce mata sunana Tanimu Mamman, kuma haka nake so in koma da shi. Ba ta ko saurare ni ba. Ta sa hannu a bayan kunnena ta zare Mamman, ta yarfe shi ta rataye a ƙusa.

“Daga yau kai ne Tanimu Haugen. Duk wanda ya kwana a gonar nan sunan gonar yake ɗauka. Da kai da saniya duk ɗaya.”

“Iya, ni ba kwana zan yi ba. Sauri nake yi.”

“Ka riga ka kwana.”

Na tambaye ta Gunder. Ta ce ya tashi tun tuni. Gona a nan ba a raba ta, babban wa ne ke gadonta gaba ɗaya, ƙani kuwa ya nemi inda zai sa kansa. Ta nuna mini kwari ta ce ya tafi ƙodago Myren. Na roƙe ta ta ba ni sunan ubana in tafi da shi, ta ce bai bushe ba.

Myren fadama ce. Ina sa ƙafa wani mutum da ke yankan ciyawa ya ɗaga hannu ya ce, “Sannu, Tanimu Myren.” Na amsa. Wallahi amsawar nan ita ta fi komai tayar mini da hankali, don ban yi ko ɗar ba kafin in amsa. Na tsaya cikin taɓo ina lalube a kaina, wane ne ma ya haife ni? Ina ganin fuskarsa, ina ganin gemunsa da carbinsa na itace, amma sunan ya ƙi zuwa. Tsoro ya kama ni irin wanda ban taɓa ji ba tun ina yaro. Mutum ya fito neman asalin wani, ga shi nasa yana zubewa a hanya.

Mai yankan ciyawa ya ce, “In Gunder kake nema, yi sauri. Jirgi ya kusa isa.”

“Ya kusa tashi dai?”

“Isa.”

Sai ga ni a bakin teku. Jirgin yana tsaye cak, ba ya motsi. Fasinjoji ne suka yi layi a kansa suna jan wata ƙatuwar igiya, can nesa kuma Amurka tana matsowa a hankali da gine-ginenta da komai. Masu duba mutane a bakin tsani busassun kifaye ne, irin masu taurin nan kamar icce da ake sayarwa a Sabon Gari. Suna tsaye a kan wutsiya, bakinsu a buɗe. Ɗaya daga cikinsu ya dube ni da ramin idonsa ya ce ba a hawa jirgi da sunan gona, ya miƙo mini wani jiƙaƙƙen abu. Na karɓa na ga Mamman ne. Na maƙale shi a bayan kunne ina hamdala.

Na sami Gunder a ƙarshen jirgi zaune a kan akwatin katako. Saurayi ne, bai wuce shekara ashirin da biyar ba, ramamme, amma sai da na durƙusa na gaishe shi, don ya girme ni da shekara ɗari da wani abu. Hausa yake yi tiryan-tiryan, har da karin Katsinawa.

Ya ce, “Kai ne kake ta yawo da sunayena gari-gari?”

“Ni ne, Baba. A gafarce ni. Aiko ni aka yi.”

“Me aka ce na yi?”

Na sunkuyar da kai. “An ce ko sata, ko kisa.”

Bai yi fushi ba. Ya buɗe tafukan hannunsa ya nuna mini, duk sun tsattsage sun yi kanta.

“Olsen don ubana Ole ne. Haugen don can na tashi, na yi noma shekara goma, wana ya gaje gonar. Myren don can na yi ƙodago shekara shida ana biyana da abinci. Suna uku, ko taku ɗaya na ƙasa ban mallaka ba. Da sata na yi, ai da ka gan ni da ƙiba. Talauci ne, ɗana. Shi ya kore ni.”

Ban san lokacin da hawaye ya zo mini ba. Na ce a raina, shi ke nan, Zuwaira ta tsira. Na miƙe ina godiya ina kakkaɓe riga, zan ruga in kai wa Baba Sabo labari kafin Asabar ta ƙare.

Ya ce, “Dakata. Ina za ka?”

“Gida, Baba.”

“Ka gama naka binciken. Ni ban fara nawa ba. Tattaɓa-kunnena zan ba ku, ba ɗan tsintuwa ba ne. Ku su wane ne?”

Masu jan igiya suka tsaya. Amurka ta tsaya a inda take. Kifayen nan suka hau jirgi suka jeru a bayana, farar akuyar ma ga ta an kawo mata teburinta.

Na gyara murya. Abu mai sauƙi, na ce. “Ni ne Tanimu ɗan Mamman.”

“Ɗan wa?”

“Ɗan Audu. Audu Ɗan Gabas.”

“Ɗan wa?”

Na buɗe baki, ba abin da ya fito. Wannan karon ba wanda ya zare mini komai. Babu ne kawai. Abin da na sani game da kakana Audu shi ne ya shigo garinmu da ayarin fatake yana saurayi, ayari ya wuce shi ya zauna. An ce daga gabas ya fito. Ban taɓa jin wani a gidanmu ya ambaci sunan ubansa ko garinsu ba, ni kuma shekara hamsin da takwas ban taɓa tambaya ba.

Gunder ya juya wurin akuya. Ta lumshe ido, ta yi ta ƙoƙari, wuyanta yana motsi, babu abin da ya taso.

Ta ce, “Ba a taɓa kawo mana shi ba.”

Ya ce da ni, “Gabas ba gari ba ne. Gona ce?”

“A'a.”

“Me ya kore shi?”

“Ban sani ba.”

“Sata ya yi?”

Raina ya ɓaci, na ce kakana mutumin kirki ne, kowa ya shaida, shi ya haƙa rijiyar unguwarmu da hannunsa.

Ya ce, “Na yarda. Ni ma na haƙa rijiya biyu. Bai hana a ce na yi kisa ba.”

Kifayen suka gyaɗa kai, wuyansu yana ƙara kamar ana karya kara. Zufa ta keto mini duk da sanyin wurin. Laifi tudu ne, in ji masu iya magana, ga shi na taka namu na yi tafiyar teku don in hango na wani.

Gunder ya miƙe ya ɗauki akwatinsa. Ya ce, “Ni sunana uku, na kawo maka bayanin kowanne. Ku rabin suna gare ku. Ba zan ba da yarona ga mutanen da ba a san daga inda suka fito ba.”

Sai na ji muryar Zuwaira. Tana can ƙasa a bakin ruwa, hannu da ƙafa duk lalle, ruwan da ke tashi sama yana wanke shi yana tafiya da shi. Halvor yana kan jirgi ya riƙe igiya tare da mutanensa, yana waiwayenta.

“Baffa, ka faɗa masa mana! Suna ɗaya ne fa kawai!”

“Ina zuwa, Zuwaira!”

“Baffa, don Allah! Ko ka tambayi Baba Sabo!”

Na waiwaya, ga Baba Sabo zaune a kan buzu a tsakiyar jirgi yana jan carbi. Na durƙusa a gabansa na ce, “Baba, Audu mahaifinka ne. Wane ne ubansa?” Ya dube ni, ya dubi teku, ya ja rawani ya rufe bakinsa. Masu igiya suka ci gaba da ja. Amurka ta iso ta daki jirgi, aka fara sauka, Halvor ya bi layi. Ina ta kiran sunaye, duk wanda ya zo bakina, Idi, Jatau, Barau, Gambo, ko Allah zai sa in dace, kifaye suna girgiza kai ɗaya bayan ɗaya. Ƙasan jirgi ya fara gurzar dutse, ƙurrr, ƙurrr.

Na farka. Ƙarar tana nan. Kujerun roba ne ake ja a kan simintin tsakar gida, ana jera wa dangi wurin zama. Gari ya waye tangararan, rigata ta jiƙe da gumi.

Daga zaure na jiyo tarin Baba Sabo, sannan muryarsa.

“Tanimu! Ka fito mana. Ka samo mana asalin yaron nan kuwa?”

Na zauna a bakin gado ina neman takalmi da ƙafa. Na ce, “Na samo, Baba. Talaka ne, ba ɓarawo ba. Amma kafin a zauna, su ma dangin nasa za su tambaye mu. In ce musu wane ne uban Audu?”

Tarin Baba Sabo ya tsaya. Mai jan kujeru ma ya daina ja.